Kukan kwamfuta da ƙiftawar fitilunta: yadda ake gane inda ta tsaya

Ka danna maɓalli, fanka ta fara juyawa, sai ka ji ƙiit, ƙiit, ƙiit daga cikin akwatin, allo kuma baƙi wuluk. A nan mutane da yawa suke yanke hukunci cewa kwamfuta ta mutu. Ni kuwa idan na ji wannan kukan hankalina kwanciya yake yi, domin injin da ke iya kuka da sauran ransa. Wuta ta shiga, furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, ta farka, ta karanta umarnin farko, ta ci karo da abin da ya tare mata hanya, har ta samu bakin faɗa. Wadda ke tayar min da hankali ita ce wadda aka danna ta yi tsit, ba fitila, ba fanka, ba motsi.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, kukan da fitilun suna nuna inda tafiya ta tsaya ne. Gano abin da ya tsayar da ita wani aiki ne dabam, kuma rashin rarrabe waɗannan biyun shi ke sa a sayi sabon RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, a sayi sabon katin hoto, a ƙarshe matsala na nan inda take.

Kafin kukan ya yi ma'ana sai an san abin da ke faruwa a 'yan daƙiƙun da ke tsakanin danna maɓalli da fitowar tambarin kamfani a allo. Da zarar an jona kwamfutar tebur da lantarki, tun ba a kunna ta ba, akwatin wutarta, wanda masu gyara ke kira fawa, yana sakin wani ɗan layi mai ƙarfin bolt 5 da ba ya yankewa. Shi ke raya ɓangaren da ke jiran a danna maɓalli, shi ne kuma ke kunna 'yar fitilar nan da ake gani a jikin wasu madabod, wato babban farantin da ake jona komai a kansa, ko kwamfuta na kashe. Idan ka danna, madabod sai ya haɗa koriyar waya da ƙasa, wato layin baƙaƙen wayoyi, alama ce ga fawa cewa ta tashi. Fawa ta saki bolt 12 da 5 da 3.3, ta jira su daidaita, sannan ta aika saƙo ta waya mai ruwan toka cewa wuta ta yi kyau. Wannan jiran bai wuce rabin daƙiƙa ba. Sai bayan saƙon ya iso ake sakin furosesa ta fara aiki. Tsarin nan na ATX ne, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1995, kuma har yau a kansa ake gina yawancin kwamfutocin tebur.

Abu na farko da furosesa ke karantawa shi ne wata 'yar manhaja da ke ajiye a ƙaramin guntu a jikin madabod. Da can BIOS ce, yanzu UEFI ta gaje ta, ko da yake bakin mutane bai daina cewa BIOS ba. Ita ke gudanar da gwajin kai da ake kira POST, kuma bi da bi take yinsa: furosesa tukuna, sai RAM, sai abin da zai fitar da hoto, sannan kibod da sauran abubuwan da aka jona, a ƙarshe ta nemi faifan da ke ɗauke da Windows ko Linux ta miƙa masa ragama. Wannan jerin shi ne mabuɗin komai. Muddin gwaji bai kai ga hoto ba, kwamfuta ba ta da hanyar rubuta maka abin da ke damunta, sai dai ta yi kuka ko ta ƙifta fitila. Shi ya sa kusan duk waɗannan alamomi a kan abu huɗu suke yawo: wuta, furosesa, RAM da hoto. Da zarar allo ya kawo, saƙo ya koma rubutu.

Al'adar kukan ta samo asali ne daga kwamfutar IBM PC da ta fito a 1981. A tsarin IBM, gajeren kuka ɗaya na nufin komai lafiya, kuma wannan ya zauna a kunnen duk wanda ya yi amfani da tsofaffin injuna. Gajeru biyu na nufin an samu kuskure, a duba lambar da ke allo. Dogo ɗaya da gajere ɗaya, madabod ne. Dogo ɗaya da gajeru biyu, katin hoto. Da a ce kowa ya tsaya a kan wannan, da aikin ya zo da sauƙi. Amma wasu kamfanoni suka fara rubuta nasu BIOS ɗin, manyansu American Megatrends da aka fi sani da AMI, da Award, da Phoenix, wanda ya haɗe da Award a 1998. Kowane tsuntsu kuwa kukan gidansu yake yi. Tsohon AMI ƙirga gajerun kuka yake: ɗaya zuwa uku duk na RAM ne, huɗu agogon tsarin, shida mai kula da kibod, takwas ma'adanar katin hoto, tara BIOS ɗin kansa ya gurɓace. Award ya riƙe dogo ɗaya da gajeru biyu na hoto, sannan dogon kuka mai maimaituwa ba iyaka galibi RAM ne. Phoenix kuwa rukuni-rukuni yake yi, da ɗan shiru a tsakani, kamar 1-3-1-1 da ke nufin gwajin RAM, ko 1-2-2-3 da ke nufin BIOS bai ci gwajin kansa ba. Wanda bai san da haka ba sai ya tara su wuri ɗaya ya ce ya ji shida ko takwas, ya tafi neman amsa a jadawalin da ba nasa ba.

Ɗauki lamba biyar ka ga yadda abin yake rikita mutum. A tsohon AMI, kuka biyar furosesa ce. A sabon AMI mai suna Aptio, wanda ke cikin madabod masu yawa na zamanin UEFI, biyar na iya nufin ba a ga abin fitar da hoto ba. A kwamfutocin Dell da dama, biyar batirin agogo ne ya mutu, ɗan abu mai faɗin kwabo. A tsofaffin HP na ofis kuma, kuka biyar tare da jar fitila mai ƙiftawa sau biyar RAM suke nufi. Lamba ɗaya, ma'ana huɗu, daga mafi tsadar abu a cikin akwatin zuwa mafi araha. Saboda haka duk jadawalin da ka samu a intanet wanda bai ambaci sunan kamfani da samfuri ba, ka ajiye shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, littafin wannan samfurin naka shi ne abin dogaro. Sunan samfurin yana rubuce da manyan haruffa a jikin madabod, sau da yawa kusa da ramin katin hoto, a Dell da HP da Lenovo kuma yana kan takardar da aka manna a jikin akwatin.

Sauraron kansa yana buƙatar natsuwa. Abin da nake yi shi ne in ɗora waya kusa da akwatin in naɗi sautin, in sake saurara sau biyu ko uku, in rubuta: nawa ne dogaye, nawa ne gajeru, ina aka yi shiru, daga ina aka koma farko. Kunne yana yaudara idan rai a ɓace yake.

Akwai kuma wani tarko da sababbin injuna suka zo da shi. Kukan nan ba ta lasifikar da kake jin waƙa yake fitowa ba, wata 'yar ƙaramar baƙar lasifika ce da ake sokawa a fil huɗu a gefen madabod, kusa da inda wayoyin maɓallin gaba suke shiga. Akwatuna da yawa na yanzu ba sa zuwa da ita. Don haka shirun sabuwar kwamfuta ba ya tabbatar da komai, wataƙila tana ta ihu ne babu baki. Duk mai taɓa kwamfuta ya kamata ya ajiye guda ɗaya a cikin kayan aikinsa. Da ita ake yin gwajin da na fi so: ka zare RAM gaba ɗaya, ka kunna. Idan injin ya fashe da kuka, to wuta na zuwa, furosesa da madabod sun kai matakin neman RAM sun rasa, wato suna raye. Idan ya yi shiru alhali lasifikar na aiki, matsalar tana can baya, tun kafin a kai ga RAM.

Manyan kamfanoni sun fi jingina ga fitila. Tsofaffin Dell OptiPlex suna da fitilu huɗu masu lamba 1, 2, 3, 4, ana karanta waɗanda suka kama da waɗanda ba su kama ba. Daga baya aka mayar da aikin kan fitilar maɓallin kunnawa: ta ƙifta da ruwan goro wasu lokuta, ta ɗan tsaya, ta ƙifta da fari. A samfura da yawa na baya-bayan nan, ruwan goro biyu da fari uku na nufin ba a ga RAM ba, biyu da huɗu RAM ɗin na nan amma ya gaza, uku da ɗaya batirin agogo. HP ma ya koma irin wannan salon da ja da fari, inda ja uku da fari biyu ke nuna RAM, ja uku da fari uku kuma hoto. Amma ko a cikin gida ɗaya ma'anar ta sha canzawa daga zamani zuwa zamani, don haka a nan ma sai an koma ga littafin samfurin.

Madabod ɗin da ake saya don haɗa kwamfuta da hannu sun zo da abin da ya fi wannan sauƙi: ƙananan fitilu huɗu a jere, galibi kusa da babban soket mai fil 24, an rubuta musu CPU, DRAM, VGA da BOOT, wato furosesa, RAM, hoto da faifai. ASUS na kiran nasa Q-LED, MSI na cewa EZ Debug LED. A ASUS launin ya bambanta, ja na furosesa, ruwan ɗorawa na RAM, fari na hoto, kore na faifai, amma a wasu kamfanonin duk launi ɗaya ne, sai ka haska tocila ka karanta rubutun da ke gefe. Idan komai lafiya, za ka ga suna kamawa ɗaya bayan ɗaya suna mutuwa, gwajin ne ke wucewa ta gabanka. Wadda ta kama ta zauna ita ce ke da magana.

To a nan ne maganar da na fara da ita take da nauyi. Fitilar DRAM da ta zauna tana cewa ne: na zo matakin RAM na kasa wucewa. Ba ta ce sandar RAM ta lalace ba. Na taɓa karɓar wata kwamfuta da mai ita ya haɗa da kansa, ya zo da sanduna huɗu a leda, biyu na farko da biyu da ya sake saya. Ya ce, "Malam, duk huɗun an sayar min da matattu." Na gwada su ɗaya bayan ɗaya a wani injin, duk suka tashi. Na koma kan nasa, na sa sanda ɗaya a ramin da ke kusa da furosesa, ya kawo hoto. Na mayar da ita ramukan nan biyu na nesa, fitila ta kama ta zauna. Sai na kwance fankar furosesa. Tun daga sukurorin na fara zargi, domin biyu sun ɗauru tam har sai da na sa ƙarfi, biyu kuma sako-sako. Na ɗaga furosesa, na haska tocila a karkace a kan soket. Fil fiye da dubu ne a wurin, a jere kamar gashin buroshi, duk suna mayar da haske iri ɗaya, sai guda ɗaya can gefe da ke ƙyalli dabam. Ya kwanta ya jingina da maƙwabcinsa. Da madubin ƙara girma da bakin allura na tayar da shi a hankali, hannuna a dafe da tebur don kada ya yi rawa. Na mayar da komai, na ɗaure sukurori a gicciye kaɗan-kaɗan. Fitilu huɗu suka bi juna suka mutu, allo ya kawo. Mutumin ya daɗe yana kallon ledar da ke hannunsa.

Dalilin haka a bayyane yake ga wanda ya san ginin. Mai kula da RAM a cikin furosesa yake zaune, AMD ya shigar da shi ciki tun Athlon 64 a 2003, Intel ya biyo baya a 2008. Hanyar da ke tsakanin sandar RAM da mai kula da ita ta bi ta ramin sandar, ta bi ta siraran layukan madabod, ta ratsa fil ɗin soket. Duk inda ta yanke a wannan tafiyar, fitila ɗaya ce za ta kama. Ga kuma saitin gudu: wanda ya kunna XMP ko EXPO don RAM ya yi saurin da aka rubuta a kwalinsa, injin na iya kasa ɗauka, fitilar DRAM ta zauna alhali babu abin da ya lalace. Duk da haka, gaskiya ne cewa mafi yawan lokuta abin bai kai nan ba. Sanda ce ba ta zauna sosai ba, ko ƙura ta shiga ramin. RAM yana son a danna shi da ƙarfin da sabon hannu ke tsoro, har sai maƙallan gefe sun ce ƙas. Idan sanduna biyu ne a madabod mai rami huɗu, yawancin littattafai na cewa a sa su a na biyu da na huɗu daga furosesa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2.

Wani abin da ya kamata a sani game da sababbin injuna shi ne jira. Tun da nau'in RAM mai suna DDR5 ya shigo, musamman a kan soket ɗin AM5 na AMD da ya fito a 2022, kunnawar farko kan ɗauki lokaci. Madabod yana gwada RAM ne yana neman saitin da za su jitu, fitilar DRAM a kunne, allo baƙi, wani lokaci har injin ya kashe kansa ya sake tashi. Abin na iya kai mintuna. Na ga waɗanda suka kashe wuta bayan daƙiƙa talatin, suka zare, suka mayar, suka sake kunnawa, kowane karo gwajin na komawa farko. Sauri ya haifi nawa. A ba shi minti biyar cikakku kafin a taɓa komai.

Fitilar CPU ita ta fi tsorata mutane, alhali furosesa na cikin abubuwan da ba kasafai suke mutuwa ba. Abu na farko da za a duba shi ne wayar wutarta, mai fil 8 ko 4, da ke shiga can saman madabod ta gefen hagu, lungun da hannu ke wahalar kaiwa. An sha manta ta, kuma idan babu ita fankoki za su juya, fitilun ado su kama, amma furosesa ba za ta farka ba. Na biyu shi ne tsufan BIOS. Madabod na iya karɓar furosesa a soket amma manhajarsa ba ta san ta ba. Haka ya faru da masu madabod B450 na 2018 da suka sayi Ryzen 5000 da ya fito a ƙarshen 2020: ba ya tashi sai an sabunta BIOS. Don irin wannan ne wasu madabod ke da maɓalli a baya da ke sabunta BIOS daga filashi ko babu furosesa a ciki.

Matakin hoto kuma shi ne inda kuskuren ya fi sauƙi, ya kuma fi yawa. Kwamfuta mai katin hoto na dabam tana da mashigar HDMI a wuri biyu, na madabod a sama, na katin a ƙasa. Wanda ya soka a sama yakan ga baƙin allo. Furosesoshin Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu ba su da ɓangaren hoto sam, haka ma yawancin Ryzen har zuwa jerin 5000 in ba masu harafin G ba, don haka mashigar madabod ba za ta taɓa kawo komai ba. Sai a duba ko katin ya zauna har maƙallinsa ya kama, ko an soka masa wayar wutarsa mai fil 6 ko 8, ko monita tana kan mashigar da ta dace. Wasu madabod ma suna barin fitilar VGA a kunne don kawai monita na kashe lokacin da aka tayar da injin.

Fitilar BOOT kusan albishir ce. Wuta, furosesa, RAM da hoto duk sun wuce, abin da ya rage faifan da za a tashi daga gare shi, kuma a wannan matakin allo ya riga ya kawo, za ka iya shiga BIOS ka gani ko ya ga faifan.

Madabod masu tsada suna da ɗan allo mai gurbi biyu da ke nuna lambobi da haruffa, daga 00 zuwa FF. Wannan ma tsohuwar dabara ce: BIOS yana aika lambar kowane mataki zuwa wata mashiga mai lamba 80 kafin ya fara shi, masu gyara na da can kuma suna soka wani kati na musamman don su karanta. Lambar da ta tsaya ita ce matakin da aka shiga ba a fita ba. A Aptio, 55 na nufin ba a ga RAM ba, d6 kuma ba a ga abin fitar da hoto ba. A kula da ƙaramin b da 6, sun yi kama a irin wannan allon. Kuma ba duk lambar da ta zauna ce matsala ba, wasu madabod kan tsaya a kan A0 ko AA bayan komai ya tashi lafiya, wasu ma zafin furosesa suke nunawa.

Mu koma ga wadda ta yi tsit. A nan babu kuka, babu lamba, domin ba a kai ga POST ba, zancen wuta ne zalla. A fara daga bango: soket, waya, da ɗan makunnin da ke bayan fawa. Wasu tsofaffin fawa suna da jan makunni na zaɓi tsakanin 115 da 230, wanda idan aka bar shi a 115 aka jona da lantarki mai 230, fawa ta ƙone nan take. Idan 'yar fitilar madabod na kunne, layin bolt 5 na nan, sai a zargi maɓallin gaba: a zare wayarsa, a taɓa fil biyun da yake shiga da bakin sukudireba na ɗan lokaci. Idan ta tashi, maɓalli ne kawai. Idan ba ta tashi ba, a zare fawa daga komai, a lanƙwasa ƙarfen maƙale takarda a haɗa koriyar waya da ɗaya daga cikin baƙaƙen wayoyi a babban soket, sannan a jona wuta. Fankar fawa ta juya, to tana iya tashi. Iya abin da wannan gwajin ya nuna ke nan, bai ce za ta ɗauki kaya ba. Da mitar auna bolt ake ƙarasawa: waya mai ruwan ɗorawa ta ba da tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25. Kwamfutocin Dell da yawa sun sauƙaƙa wannan, akwai ɗan maɓallin gwaji da koriyar fitila a bayan fawa. Amma kada a kai gwajin ƙarfen nan kan Dell ko HP ko Lenovo masu soket na kansu, domin jerin wayoyinsu ba na ATX ba ne.

Abu biyu nake roƙo a kan fawa. Kada a buɗe ta, akwai kafasito a ciki da ke riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare waya. Kuma idan irin wadda ake cire wa wayoyi ce, kada a ɗauki wayar wata fawa a soka mata don kawai bakin ya shiga. Jerin fil ɗin ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, kuma ta haka ake aika bolt 12 inda ake jiran 5, faifai ya ƙone da duk abin da ke cikinsa.

Akwai kuma wadda ke tsakani: ka danna, fanka ta yi juyi ɗaya ta tsaya. Wannan galibi fawa ce ke kare kanta domin ta ji wuta na gudu inda bai kamata ba. Sukuru da ya faɗa bayan madabod, ƙafar ƙarfe da aka ɗaura a inda babu rami, mashigar USB da haƙoranta suka lanƙwashe suka haɗu, ko katin hoto da ya ƙone. Maganinta, da ma maganin duk lamarin da ya ƙi warwaruwa, shi ne a rage kaya. A fitar da madabod a ɗora shi a kan kwali, a bar masa furosesa da fankarta, sanda ɗaya ta RAM, fawa da monita. Idan ya tashi, a riƙa mayar da abu ɗaya ana kunnawa, har a kai ga wanda da shigarsa komai ya tsaya. Abu ɗaya a kowane karo. Wanda ya canza uku a tare ya ga ta tashi, bai san wanne ya gyara ba, kuma ranar da ta sake yi sai ya koma farko. Kafin kowace taɓawa a zare wayar bango, a danne maɓallin kunnawa na wasu daƙiƙu don ragowar wuta ta fita, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu.

Batirin agogo ya cancanci a ambace shi don ƙanƙantarsa na sa a raina shi. CR2032 ne, mai bolt 3, shi ke riƙe agogo da saitin BIOS idan an zare wuta. Alamarsa ta farko kwanan wata ya riƙa komawa baya, amma a wasu injunan idan ya yi rauni sosai har tashi yake hanawa. Cire shi na 'yan mintuna yana mayar da saiti yadda ya fito daga kamfani, abin da ke warware matsalar XMP da makamantanta. Sai dai wanda faifansa ke kulle da BitLocker, makullin faifai na Windows, ya tanadi lambar buɗewarsa tukuna, domin Windows na iya tambayarta bayan saiti ya canza.

Ba kowane sauti daga wajen tebur ba ne saƙon BIOS. Na'urar ajiyar wuta ta UPS tana nata kukan idan lantarki ya ɗauke ko batirinta ya tsufa, kuma a ƙarƙashin tebur ɗaya suke zaune. Maɓallin kibod da littafi ya danne yana sa wasu injuna su riƙa ƙit-ƙit-ƙit da sauri. Waya da ta taɓa fiffiken fanka tana yin ƙarar da ke tsorata mutum a banza. Sai kuma wanda ba na so kowa ya ruɗe a kansa: ƙas, ƙas, ƙas mai maimaituwa, ko wani siririn kuka, daga tsohon faifai mai juyawa. Ka ɗora yatsa a jikinsa za ka ji bugun. Hannun da ke karanta bayanai ne yake kai da komo ya kasa samun wurinsa, ko injin juyawar ya maƙale. Duk sauran alamomin da na ambata suna jure a kashe a sake kunnawa ana gwaji. Wannan kowace kunnawa na iya ƙara karce fuskar faifan, don haka idan akwai hotuna ko takardu a ciki da ba ka da kwafinsu, ka kashe, ka zare masa wayoyinsa biyu, ka ci gaba da binciken sauran injin ba tare da shi ba, shi kuma ka kai shi ga masu ceto bayanai.